Duba keken lantarki kafin ka hau

Ɗan'uwa mai karatu, ka san keke, ka san moto. Yanzu ga wani abin hawa tsakaninsu: keken lantarki. Ba ya shan mai. Yana da batir da ƙaramin inji. Batir ke ba injin ƙarfi, inji kuma ya juya ƙafar keke.

Wanga keke ya fi keken da ka saba nauyi. Da yawa suna kai kilo 20 zuwa 30. Ya kuma fi shi gudu. A ƙasashen Turai doka ta ce injin ya daina turawa in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ga shi ba ya ƙara kamar moto, mai tafiya ƙasa ba ya jin zuwanka. Saboda haka, kafin ka fita, ka ba shi minti biyar. Ka fara kashe wutarsa, kada ya zabura kana cikin dubawa.

Na farko, birki. Matse birkin gaba, ka tura keke. Kada ya motsa. Ka yi haka da na baya. In hannun birki ya taɓa inda kake riƙewa, birki ya saki, sai gyara. Ka riƙe wanga lissafi: in gudunka ya ninka biyu, nisan da za ka yi kafin birki ya tsaida ka zai ninka huɗu. To, ka ga yaro ya faɗo hanya, ina dabara?

Na biyu, taya. Danna ta da babban yatsa. In ta lotsa, sai famfo. Yawan iskar da take bukata yana rubuce a gefenta. Tunda yanzu ka iya karatu, karanta da kanka. Ka juya ƙafar a hankali, ka cire ƙaya da tsidau da ƙusa. Tayar da ta suɗe tana santsi cikin rairayi.

Na uku, batir. Nan ne babbar magana. Yawancin batiran ga na litiyom ne, irin na wayar salula, amma sun fi girma ƙwarai. Girgiza shi ka ji ko ya zauna daidai, ya kulle. Duba ko cajinsa zai kai ka ya maido ka. In ka ga ya kumbura, ko ya tsage, ko yana wari, ko ya yi zafi ba dalili, kada ka hau, kada ka sa shi caji. Irin wanga batir yana iya kamawa da wuta, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. Fitar da shi fili, nesa da yara da zana da kara. In wuta ta tashi, ku nisanta, ku kira masu kashe gobara a lamba 18.

Zafi ma abokin gabar batir ne. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Aje kekenka a inuwa. Ka yi caji da cajarsa ta asali, idonka biyu, ba kana barci ba.

Na huɗu, wayoyi da kaca da notuna. Duba ko wata waya ta zare ko ɓera ya ci ta. Goge ƙurar hunturu daga kaca, ka ɗiga mata mai kaɗan. Ɗaga keken kaɗan ka sake shi. In wani abu ya yi ƙara, nemo shi ka ɗaure. Kan keke da sirdi kada su yi rawa.

Na biyar, kunna wuta. Gwada fitilar gaba da ta baya da ƙararrawa. Sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Tattara babbar riga ko zane, kada kaca ta kama. Ka tashi a hankali, ka sake gwada birki a ƙofar gida.

Abin da ya fi ƙarfinka, kai wa mai gyara. Kuɗin gyaran birki bai kai kuɗin ɗori ba. Iyalinka suna jiran dawowarka, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Mi ya sa ake kashe wuta kafin a duba keke?
2. Waɗanne alamomi ke nuna batir ya lalace?
3. A ina ake rubuta yawan iskar taya?