Yadda Furotin Ke Gina Sentirosom Cikin Ƙwayar Halitta

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Girman jiki kuwa yana samuwa ne ta rabuwar ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Cikin ƙwaya akwai wani ɗan abu mai tsara zaruruwan da ke jan kayan gado zuwa sassan nan biyu daidai wa daida. Wani masani Bajamushe, Theodor Boveri, shi ya raɗa masa suna sentirosom a 1888.

A tsakiyarsa akwai 'yan bututu biyu, kowanne da ginshiƙai tara. An daɗe ana neman dalilin tara ɗin, sai a 2011 masana a Suwizalan da Ingila suka bayyana shi. Akwai wani furotin, SAS-6, mai kai da doguwar wutsiya. Sukan haɗu biyu-biyu, sa'an nan tagwaye tara su haɗa kawuna su yi zobe, wutsiyoyinsu na miƙe waje kamar tsaikon ɗaki. Watau siffar furotin ita ce ma'aunin ginin.

In furotin ɗin ya sami aibi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba su yawaita yadda ya kamata, sai a haifi yaro da ƙaramin kai. Irin wannan gado ne daga uwa da uba duka, saboda haka ya fi aukuwa cikin auren zumunci. Ana roƙon Hakimai da malamansu su faɗakar da talakawa cewa wannan ba maita ba ce. A kai yaron asibiti a duba shi.