Hadarin Zuru Da Taswirar Masu Duban Sama

Wanda ya bar Zuru shekara talatin, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Wuraren da ya sani gonakin dawa ne a gefen gari, yanzu kwano ne da siminti. Tun da aka yi Jihar Kebbi a 1991 garin yake faɗaɗa, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba.

To, jama'a, ina gamin wannan da ruwan sama? Ma'aikatan NiMet, watau hukumar duban yanayi, ba gaibu suke faɗi ba, lissafi ne. Kwamfuta takan yanka ƙasa gida-gida kamar hatimi, kowane gida kuwa sai an gaya mata abin da ke cikinsa, ko daji, ko fadama, ko gari. Dalili, ƙasa mai ciyawa laima take fitarwa, kwano da kwalta kuwa zafi suke mayarwa sama, iska mai zafi kuma ita ke ɗaga hadari. In taswirar da aka ba ta tsohuwa ce, tana nuna daji inda unguwa ta zauna, lissafi ya karkace tun daga tushe.

An auna wannan a birnin St. Louis na Amurka daga 1971 zuwa 1975, aka tarar ruwa ya fi zuba a gefen da iska ke nufa bayan ta ratsa birnin. Amma fa kada mu cika baki, Zuru ba ta kai girman da za ta juya hadari haka ba. Abin tsoronmu shi ne inda ruwan zai bi. Wanda gona ke shanyewa a da, yanzu siminti turo shi yake, ga gari a gindin duwatsu. Alhali masana sun bayyana a 2017 cewa manyan hadura na Sahel sun ninka uku tun daga 1982.

Hotuna dai akwai su, taurarin Landsat na ɗauka tun 1972. Sai dai daga sama gidan ƙasa da fako kusan kamarsu ɗaya. Lalle sai an sami mai bi da ƙafa, unguwa-unguwa, yana gyara taswira. A ganinmu wannan aikin ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya ne da ke nan Zuru.