Ƙwaƙwalwar Jariri da Maganin Raɗaɗi

A asibitin Sidra na birnin Doha, wanda ya fara kwantar da marasa lafiya a 2018, likita ba ya ɗiga wa bakwaini mofin sai da ɗan ƙanƙanen ma'auni, idonsa na kan na'urar ƙidayar numfashi. Hikimar wannan kuwa ita ce, Allah cikin ikonsa ya halitta wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam wasu makarɓai da afiyun da danginsa, irin su mofin, ke shiga kamar mabuɗi a kwaɗo, al'amarin da Candace Pert da Solomon Snyder suka tabbatar a Amurka a 1973. Tun ɗa yana ciki makarɓan nan suke bayyana, har a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, alhali hantar jariri da ƙodarsa ba su ƙosa su kawar da magani da hanzari ba. Saboda haka ƙari kaɗan yana iya tsayar masa da numfashi.

Lamarin matashi daban ne, domin sashen jin daɗi yakan riga goshin ƙwaƙwalwa, mazaunin hankali, balaga, shi kuwa goshin ba ya kammala sai wajen shekara 25. Wannan na cikin dalilan da kodin, ɗaya daga dangin afiyun, ya addabi samarinmu, har Najeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.