Haihuwa 22,774 a Zariya: Lissafin Farfesa Kelsey Harrison

 Yau Zariya za mu leƙa, Zariyar shekarun 1970, ɗakin haihuwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wada, tun ba a koma Shika ba. Ga wata lamba, ku riƙe mini ita: 22,774. Bari in sake faɗa, 22,774. Yawan haihuwar da wani likita da abokan aikinsa suka rubuta ke nan, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, daga 1976 zuwa 1979. Sunan likitan Farfesa Kelsey Harrison.

Tarihinsa a taƙaice. An haife shi a 1933 a Abonnema, cikin jihar Ribas ta yanzu, ƙasar ruwa da kwalekwale. Ya fara karatun likita a Ibadan, ya ƙarasa a Landan a 1958, ya ƙware a fannin mata da haihuwa, ya koma Ibadan yana aiki yana koyarwa. A can ya fara yin suna, a kan masu cikin da ake kawowa jininsu ya kusa ƙarewa. Irin wannan mace, in aka yi mata ƙarin jini kai tsaye, zuciyarta da ta riga ta galabaita sai ta kasa ɗaukar nauyin. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka haɗa jinin da magani mai sa fitsari da sauri, jiki zai rage ruwa yayin da jini ke shiga, zuciya ta samu sa'ida. Dabara mai sauƙi, mai araha. A 1972 ya iso Zariya a matsayin farfesa.

To, abin da ya tarar a Zariya, iyayenmu mata sun san shi ba sai an ba su labari ba. Mace ta kwana biyu, ta kwana uku tana naƙuda a ɗaki. An yi rubutu, an yi jiƙo, ungozoma ta yi iya yinta. Maigida ba ya nan, ba wanda zai ce a tafi. In ciki na fari ne, ga kunya, ba a so a ji ko nishinta. Sai da rana ta ɓaci ake neman mota. Ana isowa asibiti, ko mahaifa ta fashe, ko jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle. Likitocin wancan zamani duk sun ga wannan, kowa yana da labarin da zai bayar. Abin da Harrison ya ƙara shi ne ƙirge.

Kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Ku ɗauka babu kwamfuta a kan tebur, babu waya a aljihu. Takarda ce da biro. Duk matar da ta haihu, a rubuta shekarunta, tsawonta, haihuwarta ta nawa, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, ta zo awo ko ba ta zo ba, me ya same ta, me ya sami jaririn, da nauyinsa. Wadda ta haihu lafiya da hantsi a rubuta ta. Wadda aka shigo da ita ranga-ranga ƙarfe uku na dare, ita ma a rubuta ta, alhali mai rubutun bai runtsa ba. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitinmu ya san yadda kati ke ɓata, yadda fayil ke yin ƙafa. Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki ke nan a duk labarin: shekara uku da 'yan kai ana wannan aiki, ba a gaji an ce a ɗauki samfuri kawai ba. An gama tattarawa a 1979, aka shiga tacewa tare da wani masanin ƙididdiga a Ingila mai suna Charles Rossiter, sakamakon bai fito ba sai 1985. Shekara 6 ana tankaɗe da rairaya. Da ya fito kuwa, mujallar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya fitowa guda ta musamman ta ware masa, fiye da shafi 100.

Me lissafin ya ce? Kusan a kowace haihuwa 100, an rasa uwa 1. Amma da aka raba matan gida biyu, sai abin ya fito fili. Waɗanda suka yi rajista suna zuwa awo, mutuwa a cikinsu kaɗan ce. Mafi yawan waɗanda suka rasu, nesa ba kusa ba, matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, waɗanda ranar da suka fara taka asibitin ita ce ranar da aka kawo su cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya. Haɗarin ya fi tsanani a gefe biyu na shekaru: 'yan mata ƙanana, 'yan 15 zuwa ƙasa, masu cikin fari, da kuma iyayen da suka manyanta suka yi haihuwa da yawa. Sai abu na uku, wanda Harrison ya riƙe har ƙarshen aikinsa: makaranta. Matan da suka yi karatu su ne masu zuwa awo, su ne kuma aka fi samu sun tsira da 'ya'yansu. Likitan mata ne fa, mai wuƙar tiyata a hannu, amma maganin da ya fi nacewa a kai shi ne a sa kowane yaro da yarinya a makaranta. Abin lura, a shekarar da aka fara ƙirgen nan, 1976, a ita gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara karanta aikin nan. Akwai wani gwaji da suka yi tare da Farfesa Alan Fleming, masanin jini, da Dokta Nimi Briggs, a kan masu cikin fari. Ana ba mafi yawansu maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wasu kuma ana ƙara musu ƙwayoyin ƙarin jini, irin waɗanda ake rabawa wurin awo. Ƙarancin jini aka fito nema. Amma tunda ana auna tsawon kowa a farkon zuwa, ana kuma sake aunawa, sai aka ga wani abu: ƙananan 'yan matan nan suna ƙara tsawo da cikin a jikinsu. Ku ji fa, tana ɗauke da ciki tana girma. Waɗanda suka samu magungunan su ne suka fi miƙewa, wasu da santimita masu yawa cikin watannin cikin, kuma a cikinsu aka fi samun masu haihuwa da kansu ba tare da kan jariri ya maƙale a ƙugu ba. Ga likita wannan albishir ne, domin doguwar naƙuda ita ke haifar da yoyon fitsari, cutar da ke raba yarinya da ɗakinta da mutuncinta. Ni kuwa, masu sauraro, abin da na ji a ciki ya fi albishir nauyi. Ma'aunin tsawo ne ya ba da shaida cewa wadda ake kira amarya, ake jiran ta zama uwa, ƙashinta bai gama fita ba. Yarinya ce. Zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki ne suka tauye ta, da aka ɗan ɗage su sai jikin ya ci gaba da aikinsa na girma.

Sai dai a yi adalci. Lissafin asibiti ne wannan, ba na gari ba. Matar da ta haihu lafiya a ɗakinta a Giwa ko Soba ba ta ciki, wadda ta rasu a hanya ita ma ba ta ciki. Gwajin tsawon nan kuma mutanensa ba su da yawa. Masana sun san da haka, shi ya sa mai hankali ba ya ɗaukar lambar Zariya ya ce ita ce ta Arewa duka.

Ina tasirinsa ya kai? A 1985 ɗin nan, wasu masana biyu na Amurka, Allan Rosenfield da Deborah Maine, suka rubuta a mujallar Lancet suna tuhumar duniya da cewa duk shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro, yaron kawai ake kallo, an manta da uwar. Su sun kawo ƙorafi, Zariya ta kawo hujja mai lamba. A watan Fabrairun 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kira taro a Nairobi, aka ƙaddamar da gangamin haihuwa lafiya. Kiyasin lokacin, mata 500,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin ciki da haihuwa, aka yi alkawarin rage rabi kafin 2000. Alkawarin bai cika ba. A 2000 aka sake wani cikin muradun ƙarni, a rage kashi uku cikin huɗu kafin 2015. Duniya ta rage, amma ba ta kai ba. Nijeriya kuwa, kiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ba ta mutuwar mata 1,047 a kowace haihuwa 100,000, kimanin rayuka 82,000 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken ƙasa na 2018 ya ba da 512, hanyar lissafin ce ta bambanta. Ko wanne ka ɗauka, aikin da aka yi a Tudun Wada ya fi motsa zaurukan taro a Janeba da Nairobi fiye da yadda ya motsa kasafin kuɗin jihohinmu. A jami'o'inmu yau, yawan maƙalu ake ƙirgawa kafin a ba malami ƙarin girma. Ina tunanin yadda kwamitin ƙarin girma zai yi da mutumin da ya ce a ba shi shekara 9 a kan bincike guda.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo, saura in dunƙule. Harrison ya bar Zariya a 1981 ya koma Jami'ar Fatakwal, ya shugabance ta daga 1989 zuwa 1992, kuma Nimi Briggs ɗin da suka yi aiki tare a Zariya shi ma daga baya ya riƙe kujerar. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa ta masana, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 2006, a 2010 kuma ya fitar da littafi kan tushen gangamin haihuwa lafiya a Afirka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, muna nan dai a Zariyar shekarun 1970, wurin wasu likitocin biyu, Parry da Davidson, da binciken da suka yi kan ciwon zuciyar masu jego, da wankan jego, da kunun kanwa. Kakanninmu mata su shirya, na san akwai gardama.