Dabarun Tsufar da Samfurin Jirgin Sama: Nazari a kan Ɓamɓarewar Fenti

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan hannu da suka bunƙasa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai haɗa ƙananan jiragen sama na roba, waɗanda ake kwaikwayon jiragen gaskiya da su. Kamfani yakan zubo sassan jirgin cikin kwali, mai sha'awa ya saya, ya manne su, ya yi musu fenti. Kamfanin Frog na Ingila ya fara fitar da irinsu a 1936, Airfix kuma daga baya ya fito da samfurin jirgin yaƙin nan Spitfire. Sai dai magwanintan wannan aiki ba sa gamsuwa da jirgi mai sheƙi kamar yau ya fito daga masana'anta. Burinsu shi ne a dubi ɗan jirgin a ga alamun rana da ƙura da wahalar yaƙi. A wannan ɗan bayani za mu ɗauki fanni guda na wannan tsufarwa, watau ɓamɓarewar fenti, mu duba dalilanta a jirgin gaskiya, sa'an nan mu bi hanyoyin da ake kwaikwayonta. Misalanmu duka daga jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945.

Abin da ke ɓamɓare fenti

Yawancin jiragen wancan zamani da fallayen alminiyam aka lulluɓe su. Shi kuwa wannan ƙarfe yana da santsi, fenti ba ya kama shi da kyau sai an fara shafa masa fentin shimfiɗa. Saboda haka jikin jirgi hawa uku ne: ƙarfe a ƙasa, shimfiɗa a tsakiya, launin ɓad-da-kama a bisa. Idan abu ya karce shi sama-sama, shimfiɗar ce za ta bayyana. Idan ya yi zurfi, sai farin ƙarfe ya leƙo.

Fenti ba ya ɓamɓarewa haka kawai, kowane tabo da abin da ya jawo shi. Gindin fiffike shi ne matakin matuƙi da makanikai, takalmansu ke goge shi kullum. A jirgin Spitfire ƙofar matuƙi tana gefen hagu, don haka gindin fiffiken hagu ya fi na dama cinyewa. Murafan inji da na ma'ajiyar harsasai ana buɗe su bayan kusan kowane tashi, sai sukudireba ta ɓantale fentin kewayen kusoshinsu. Gaban fiffike da na jela su ke karo da yashi da tsakuwar da farfela ke watsowa. Ita kanta farfelar, bayanta ya fi gabanta cinyewa, musamman wajen bakin ruwanta.

Bugu da ƙari, jirage sun bambanta. Jirgin sojan ƙasa na Japan mai suna Ki-43, wanda kamfanin Nakajima ya ƙera, da yawa daga cikinsu sun bar masana'anta da tsurar ƙarfe, sai a fagen fama aka fesa musu koren fenti ba tare da shimfiɗa ba, shi ya sa yake saɓulewa falle-falle. Amma jirgin Zero na farkon yaƙi, wanda ya fara aiki a 1940, yana da shimfiɗa ja-ja a ƙarƙashi, fentinsa kuma ya jure ƙwarai. Jirgin Corsair na Amurka, wanda ya yi aiki a tsibiran Solomon a 1943, filayen saukarsa na dakakken dutsen murjani ne, ƙurarsu tana cin fenti kamar sanfefa, har a ga shimfiɗarsa mai launin rawaya-kore a gindin fiffike.

Inda bai kamata a ga ƙarfe ba

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Jirgin Mosquito na Ingila da katako aka yi gangar jikinsa da fukafukansa. Wanda ya yayyafa masa tabon azurfa a nan ya nuna ƙarfe inda babu shi. Jirgin Hurricane kuwa, irin waɗanda tun daga 1940 ake haɗawa a Takoradi, su bi ta Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar, rabin jikinsa na baya yadi ne aka ɗame a kan firam. Yadi yana kodewa, yana yin datti, ana yi masa faci, amma ba ya nuna ƙarfe. Haka nan wasu jiragen Spitfire na baya-bayan yaƙi, farfelarsu ta matsattsen katako ce. Daɗin daɗawa, alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, saboda haka tsatsar da ta dace da tankar yaƙi ko bututun hayaƙi ba ta da gurbi a fiffike. Wannan ne ya sa ƙwararru ba sa ɗaukar burushi sai sun ajiye hoton ainihin jirgin a gabansu, domin gani ya kori ji.

Batun ma'auni

Samfuran jirage suna da ma'auni sanannu, waɗanda suka fi yawa su ne 1/72 da 1/48 da 1/32. Ma'anar 1/48 ita ce kowane santimita guda a samfur yana wakiltar santimita 48 a jirgin gaskiya. Alal misali, faɗin fukafukan Zero na farko mita 12 ne, a wannan ma'auni sai ya dawo santimita 25. To, mai karatu ya lura: tabon da bai wuce milimita guda ba a ma'aunin 1/72, a jirgin gaskiya ya haura santimita 7, kusan faɗin tafin hannu. Ke nan ɗigon da mutum ya raina a bakin burushi babban gyambo ne a jikin jirgi. Kuma a ƙaramin abu launin azurfa yakan yi ƙyalli fiye da kima, shi ya sa ake surka shi da ɗan toka-toka domin ya dusashe.

Hanyoyin aiki

Hanyoyin sun kasu gida biyu: waɗanda ake ɗora tabo a kan fenti, da waɗanda ake cire fenti domin na ƙasa ya fito.

A kashi na farko akwai siririn burushi da fensir mai launin azurfa. Da su ake bin gefen murafai da kawunan kusoshi, ana ɗiga tabo ɗaya-ɗaya. Amfaninsu shi ne mutum ke zaɓen inda kowane tabo zai zauna. Illarsu kuwa ita ce hannun ɗan Adam yana son jera abubuwa daidai wa daida, ita kuwa ɓarna ba ta da tsari. Sai kuma soso. Akan yago guntun soson da ake cusa kaya da shi a kwali, a riƙe da hantsaki, a tsoma a fenti, a dangwala a takarda har ya kusa bushewa, sa'an nan a taɓa jikin jirgin a hankali. Yakan ba da ƙananan tabo masu bambancin siffa. Dole ne a riƙa juya soson, in ba haka ba zai yi ta maimaita zane guda kamar hatimi.

Kashi na biyu ya fi kusa da abin da ke faruwa a zahiri, domin ana gina hawa-hawan fenti ne yadda suke a jirgi. Hanyar gishiri ita ce mafi sauƙi. Bayan an fesa launin ƙarfe ya bushe, sai a ɗan jiƙa wurin da ruwa, a barbaɗa gishiri, a bari ya ƙame, a fesa launin sama, daga baya a kakkaɓe gishirin. Duk inda ƙwaya ta zauna, ƙarfe zai bayyana. Ana kuma yin haka da ruwan roba na rufe wuri, irin Maskol na kamfanin Humbrol, wanda ake dangwalawa da soso, a ɓare shi bayan fenti ya bushe.

Hanyar da ta fi shahara a yau ita ce ta feshin gashi, watau abin nan da ake fesa wa gashin kai domin ya tsaya. Sirrinsa shi ne ruwa yana narkar da shi. Da farko a fesa launin ƙarfe da fenti mai ƙarfi wanda ruwa ba ya taɓa shi. Sa'an nan a fesa feshin gashi shafe biyu marasa kauri. In ya bushe, a rufe da launin sama na fentin akirilik, shi ma siriri. Kafin fentin ya gama ƙanƙamewa, a jiƙa ɗan wuri da ruwa, a dakata kaɗan ya ratsa, a goga da burushi mai tauri ko tsinken sakace. Ruwan zai narkar da feshin da ke ƙasa, fenti ya ɓamɓare da kaifin baki irin na gaske. In aka cika feshin, fenti zai saɓule gaba ɗaya ko ya tsattsage; in aka jinkirta kwanaki, zai ƙi motsi sam. Wanda yake son hawa uku, kamar na Corsair, sai ya maimaita feshin tsakanin ƙarfe da shimfiɗa, da kuma tsakanin shimfiɗa da launin sama. In an gama, a rufe aikin da man kariya marar launi, a bi da ɗan datti da ƙura, saboda tsohon tabo ba ya walƙiya kamar sabo.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa dabarun hannun ba su da wuyar koyo. Abin da ke da wuya shi ne sanin jirgin da sanin lokacin tsayawa. Mutum yakan shafe makonni yana haɗa samfur, ya ɓata shi cikin minti goma domin daɗin ɓamɓara ya ɗebe shi. Tabon da ya yi kaɗan ana iya ƙara shi gobe, amma wanda ya yi yawa sai an sake fenti. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya kamata mai wannan aiki ya fara gwaji a kan tsohon samfur ko cokalin roba, kuma kafin ya sa kowane tabo ya tambayi kansa ko takalmi ne ya yi shi, ko sukudireba, ko tsakuwa. In bai sami amsa ba, ya bar wurin yadda yake.