Gigin Tsufa da Jami'an Tsaro: Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani, ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai kan lalurar gigin tsufa, da dalilin da ya sa ya kamata a koya wa 'yan sanda da ma'aikatan agajin gaggawa yadda za su gane mai ita. Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da aikin likita? To, a biyo ni a sha bayani.

Mene Ne Gigin Tsufa?

Gigin tsufa, wanda wasu kafofin yaɗa labarai ke kira cutar mantuwa, lalura ce da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mai ita yakan manta hanyar gidansu da sunayen 'ya'yansa, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, kuma ruɗewar takan ƙaru idan magariba ta gabato. Ko da yake ta fi kama dattawa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Nau'inta mafi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici ne, irin Nijeriya.

Me Ya Haɗa Ta da Jami'an Tsaro?

Idan dattijo ya fita ya ɓace, galibi wanda zai fara cin karo da shi ɗan sanda ne ko ɗan kato-da-gora. A gari irin Maiduguri, wanda ya sha fama da matsalar tsaro tun 2009, mutumin da aka tsayar ya ƙi tsayawa, ko aka tambaye shi sunansa ya kasa faɗa, abin zargi ne. Tsohuwar da aka gani tana yawo da dare tana sambatu kuwa, ana iya yi mata ƙazafin maita, jama'a su far mata. Haka nan, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, an kwashe mutane cikin gaggawa daga unguwanni irin su Gwange da Fori. A irin wannan hali, wanda bai iya faɗin sunansa ko unguwarsa ba shi ya fi saurin rabuwa da danginsa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Japan, 'yan sanda sun karɓi rahoton ɓacewar masu wannan lalura sama da 19,000 a 2023 kaɗai. Tun 2005 ƙasar ta fara shirin ba jama'a gajeren horo kan lalurar, Ingila kuma ta kwaikwaya a 2013. A Ingila akwai Tsarin Herbert, wato takarda da iyali ke cikawa tun kafin ɓacewa, mai ɗauke da hoton dattijo, da magungunansa, da wuraren da ya saba zuwa, don a miƙa wa 'yan sanda nan take. Abin da irin wannan horo ke koyarwa ba shi da wuya. A tunkari mutum ta gaba, a faɗa masa ko wane ne ke magana, a sassauta murya, a yi tambaya ɗaya a jira amsa. Kada a yi masa tsawa ko gardama, kada a taru a kansa. A nan gida, Kwalejin 'Yan Sanda ta Maiduguri wuri ne da ya dace da wannan darasi, ga kuma ƙwararru a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga.

Matsayin Ɗalibin Harshe

Na farko, batun suna. A 2004 gwamnatin Japan ta sauya sunan lalurar daga "chiho", mai ɗauke da ma'anar wauta, zuwa "ninchisho", wato lalurar fahimta. Mu ma idan jami'i ya rubuta "mahaukaci" a rahotonsa, ya riga ya yanke hukunci. Aikinmu ne mu tantance kalmar da ba ta zubar da mutunci, mu yaɗa ta.

Na biyu, masana sun lura cewa mai harshe biyu, idan lalurar ta yi nisa, yakan koma ga harshensa na farko. Ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, wannan batu ya shafe ni. Dattijon da ya shekara hamsin yana ciniki da Hausa yana iya wayar gari ba ya amsawa sai da Barbarci, ko Larabcin Shuwa, ko Bura, ko Margi. Jami'in da bai san haka ba zai ɗauka taurin kai ne. Saboda haka ana buƙatar gajerun jimloli a waɗannan harsuna, irin su "Sannu Baba, kada ka ji tsoro" da "Iya, wa zan kira miki?" Tsara su da fassara su aikinmu ne.

Kammalawa

Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ce aka keɓe a duniya don wayar da kai kan wannan lalura. Ina ba da shawarar ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta shirya ɗan kati mai harsuna uku ko huɗu, likitoci su duba shi, sannan a kai ofisoshin 'yan sanda kafin ranar. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu yi kyakkyawan tsufa, amin.