Sifirin mai tudu da kwari: ƙarfen da ba ya cin wuri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran injin famfon ruwa yana kwance murfin baya, ƙila ya ga wani siririn zoben ƙarfe ya faɗo daga bayan boris, a lanƙwashe, nan tudu can kwari. Yaran shago kan ɗauka washa ce ta lauje, su daddale ta da guduma ko su jefar. Abin yana damuna, domin zoben nan sifirin ne, kuma da gangan aka ƙera shi haka. Aikinsa shi ne ya riƙa danna boris a hankali, kada ƙwallayen ciki su sami sararin rawa. In aka cire shi, injin ya fara ƙara, boris ya mutu da wuri.

Sifirin da muka saba gani, na cikin biro ko na ƙafar babur, zagayayyar waya ce aka naɗe. In an danna shi, wayar murɗewa take yi, kuma yana bukatar tsawo. Wannan kuwa da shimfiɗaɗɗiyar waya ake naɗa shi, ana tanƙwara ta sama da ƙasa. Da nauyi ya sauka, kowane tudu sai ya rusuna yana turjiya, kamar kwantaccen baka. In ana son ya matsu da nisa, a yi masa hawa da yawa, ƙololuwar tudun ƙasa ta tokari gindin kwarin sama. Kamfanin Smalley na jihar Illinois a Amurka, wanda ya yi suna a wannan sana'a, yana cewa irin wannan na iya rage tsayin sifirin har da rabi, ƙarfin turi kuma bai ragu ba. Ga injiniya wannan babbar riba ce: gidan sifirin ya gajarce, ƙarfen da za a kashe ya ragu, na'ura ta yi sauƙin ɗauka.

Sifirin mai tudu da kwari yana bin ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, cewa turjiya na ƙaruwa daidai da matsi, amma a tsakiyar tafiyarsa kawai. Dab da ya kwanta sarai sai ya yi tauri farat ɗaya. Ba ya aikin ja, sai na dannawa, kuma ba ya maye gurbin sifirin ƙafar mota mai doguwar tafiya.

Abin da nake so bakanike ya riƙe shi ne lissafin taurinsa. A ninka kaurin wayar sau 2, tauri ya ninku sau 8. A ninka yawan tudun kowane zagaye sau 2, ya ninku sau 16. Don haka zoben da aka tsinto cikin kwandon tsofaffin ƙarafa, ko da faɗinsa ya zo daidai, yana iya matse boris har ya ɗau zafi, ko ya bar shi yana rawa.